Daga tef ɗin takarda zuwa fayil ɗin hex da muke turawa cikin cif

Duk wanda ya taɓa yin furojet da Arduino ko PIC, a poli ne ko a jami'a, ya san fayil ɗin nan da sunan shi ke ƙarewa da .hex, wanda in ka gama rubuta kod ɗinka shi ake turawa cikin cif ɗin. Yawancin mu bamu taɓa buɗe shi ba, turawa kawai muke in fitila ta kama mu ce alhamdulillah. To dan Allah wata rana ka buɗe shi a Notepad ka kalla. Zaka ga layi-layi, kowane layi ya fara da ɗigo biyu, sai lambobi da haruffa daga A zuwa F a jere, kuma kusan duk layukan tsawon su ɗaya. Wannan tsarin tun 1973 kamfanin Intel ya fito da shi, kuma abun da aka yi shi domin shi wani siririn tef ne na takarda mai hujoji, wanda ake naɗewa kamar bandeji. Duk wani abu da zaka gani a layin nan kace me ya kawo wannan, amsar tana jikin waccan takardar da injin da ke karanta ta.

Bari mu fara da takardar kanta. Faɗin ta inci 1 ne, wato milimita 25 da ɗan ɗori, kuma a kowane inci na tsawon ta akwai sahu 10 na hujoji. Kowane sahu yana da gurbin huji 8, in an huda gurbi to 1 ne, in ba'a huda ba 0 ne, kaga kenan sahu ɗaya bayit ɗaya. Sai wani ƙaramin huji da ke bin tsawon tef ɗin gaba ɗaya, wanda haƙoran injin ke kamawa su ja takardar, shi kuma ba'a tsakiya yake ba, gurbi 3 ne a gefe ɗaya 5 a ɗaya gefen, don mutum ya gane in ya kifa tef ɗin. Iyayen mu da suka yi aiki a banki ko ofishin P&T zamanin teles sun san ƙanwar wannan takardar, mai gurbi 5, wadda bata kai wannan faɗi ba. Ita mai gurbi 5 ɗin alamomi 32 kawai take iya ɗauka, shi yasa da lambobin ASCII, tsarin da ya ba kowane harafi da alama lambar shi, suka fito a 1963 aka koma mai 8.

A waccan shekarar ne kuma injin Teletype Model 33 ya fito, kuma samfurin shi mai suna ASR yana da kibod, da firinta, da abun huda tef, da abun karanta tef, duk a jiki ɗaya. Saurin shi harafi 10 ne a daƙiƙa. Ka riƙe wannan lambar domin kusan komai a kanta ya rataya.

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta saka Altair 8800 a bangon ta, kwamfutar kamfanin MITS da ke Albuquerque a Amurka, wadda mutum zai saya wajen dala 400 ya haɗa da hannun shi a gida. Memorin ta bayit 256, babu allo, babu kibod, babu disk, makunnai ne kawai da ƙananan fitilu a gaba. Kuma da ka kashe wuta komai ya goge. Masu sha'awar nan da suka saye ta dole suka nemi inda zasu dinga ajiye furogiram, abun da ke ƙasa a lokacin kuwa shine Teletype, duk da ya fi kwamfutar kanta tsada nesa ba kusa ba, da yawa kwance suke nema su gyara.

Matsalar farko ita ce kwamfutar da aka kunna yanzu bata san komai ba, ko karanta tef ɗin bata iya ba. Sai ka zauna ka shigar mata da wani ɗan ƙaramin furogiram, bayit 20 zuwa 30, ta hanyar ɗaga makunnai da sauke su, bayit ɗaya bayan ɗaya, in ka kuskure ɗaya ka koma. Aikin wannan ɗan furogiram ɗin kawai ya ɗauko abun da ke zuwa daga tef ya jera a memori. Shi Paul Allen ma da ya ɗauko tef ɗin BASIC, wato yaren rubuta furogiram, da suka rubuta shi da Bill Gates da Monte Davidoff zai kai MITS a 1975, a cikin jirgi ya tuna basu rubuta wannan ɗan lodin ba, a nan ya rubuta shi kafin su sauka.

Dabarar da aka yi a tef ɗin Altair BASIC tana burge ni gaskiya. Tunda ɗan lodin da ake shigarwa da hannu dole ya zama gajere, ba zai iya duba kuskure ba, sai aka raba aikin hawa biyu. A farkon tef ɗin an saka wani lodin na biyu wanda ya fi wayo, kuma an rubuta shi a juye, daga ƙarshe zuwa farko, saboda na farkon ƙirga yake yi yana saukowa ƙasa har ya kai sifili, da ya kai sai ya faɗa cikin na biyun kai tsaye, an yi tsimin bayit kenan. Shi na biyun ne ke karanta ainihin BASIC ɗin a gutsure-gutsure. Kowane gutsure yana farawa da bayit 3C (a rubutun hex, wato ƙirga da 0 zuwa 9 da A zuwa F) a matsayin alama, sai adadin bayit ɗin da ke tafe, sai adireshin da za'a ajiye su, sai su kayan, sai bayit ɗaya na tantancewa. A ƙarshen tef sai bayit 78 ya zo da adireshin da furogiram zai fara aiki. In lissafi bai yi daidai ba sai injin ya hau buga harafin C, in memorin ce taƙi riƙe abun da aka saka mata sai ya buga M. BASIC mai 4K a saurin harafi 10 a daƙiƙa wajen minti 7 kenan kana zaune injin na ƙara, tsawon takardar ya haura mita 10, mai 8K kuma ka ninka.

Wannan shi ake kira tsarin bainari, wato bayit ɗaya sahu ɗaya, babu ɓarna. To in haka ne me yasa Intel da Motorola da MOS Technology duk suka zaɓi hanyar da ke cin takarda fiye da ninki biyu?

A nan ne halin Teletype ɗin ke shigowa. Shi injin nan an yi shi ne don aika saƙon rubutu, kuma abun huda tef ɗin shi a haɗe yake da firintar, duk abun da aka huda sai ya bi ta cikin injin bugawa. A ASCII kuwa lambobi 32 na farko umarni ne ga injin. Lamba 7 ƙararrawa take bugawa, lamba 5 tana sa injin ya turo sunan shi, lamba 19 a samfurin da ke da wannan tsarin tsayar da karatun tef take yi. Yanzu ka ɗauki furogiram ɗin da a cikin shi kowace lamba daga 0 zuwa 255 zata iya faɗowa a ko'ina, ka tura wa wannan injin, kaga ƙararrawa na ta bugawa, kan firinta na ta tsalle, takarda na cika da shirme, wani lokacin ma karatun ya tsaya cak a tsakiya. Ga kuma batun gurbi na 8, wanda injina da layukan waya da yawa suke ɗauka a matsayin na duba kuskure, su canza shi ko su yar da shi, alhali a furogiram wannan bit ɗin kaya ne kamar sauran.

Maganin da aka samo shine a rubuta kowane bayit da haruffa biyu da kowane inji ya yarda dasu, 0 zuwa 9 da A zuwa F, manyan baƙi domin Model 33 bashi da ƙananan baƙi ma sam. Bayit C3 sai ya zama harafin C da harafin 3, sahu biyu a takarda. Ga layi ɗaya na Intel HEX da na haɗa don misali:

:03010000C3000039

Ɗigo biyun nan shine alamar fara layi, kuma duk abun da ya zo kafin shi lodin watsi yake da shi, shi yasa zaka iya barin tef fanko a gaba ko ka huda sunan furogiram ɗin ba abun da zai faru. 03 na nufin bayit 3 ne a layin. 0100 adireshin da za'a sauke su. 00 nau'in layin, wato kaya ne. Sai kayan kansu C3 00 00, wanda a cif ɗin 8080 yake nufin koma adireshi 0000. Sai 39 a ƙarshe. Yadda aka samo shi, ka tara duk bayit ɗin layin, 3 da 1 da 195 sun bada 199, ka cire daga 256 ya rage 57, wanda a hex shine 39. Amfanin yin haka shine lodin in ya tara komai har da wannan na ƙarshen dole ya samu sifili, duba sifili kuwa shine abu mafi arha da cif zai iya yi. Ni dai abun yana tuna min da webil ɗin kaya a tasha, buhu nawa ne, ina zasu, in an sauke a ƙirga a gani ko sun cika, kuma kowane lodi da takardar shi.

Kuɗin da aka biya kuwa ba kaɗan bane. Layi mai bayit 16 yana cin haruffa 43, ka ƙara biyu na komawa sabon layi 45, furogiram mai 4K layi 256 kenan, haruffa 11,520, minti 19 da ɗoriya a maimakon 7, takarda kusan mita 29. Amma ka duba abun da aka samu. Mutum zai iya buga tef ɗin a takarda ya karanta da idon shi. In layi ɗaya ya lalace zaka ja tef ɗin baya kaɗan ka maimaita wannan layin kaɗai tunda yana ɗauke da adireshin shi, ba sai ka koma farko ba. Zaka iya manna tef biyu su zama ɗaya, zaka iya gyara kuskure ta hanyar ƙara layi ɗaya a ƙarshe wanda zai hau kan tsohon. Mujalla zata iya buga furogiram ɗin, wani a wata jiha ya zauna ya kwafa da kibod kuma lambar tantancewar ta kama shi in yatsan shi ya zame. A ganina wannan cinikin ya yi riba sosai. Kuma in ka san abun da ake amfani da shi kafin nan wajen aika wa kamfani bayanan da za'a ƙona a ROM, wato memorin da bata gogewa in an kashe wuta, zaka ga hex ɗin ma sauƙi ne, sunan shi BNPF, kowane bayit haruffa 10 yake ci, B a farko, F a ƙarshe, a tsakani P ko N guda 8.

Motorola da ta fito da cif ɗin 6800 sai tazo da nata, wanda ake kira S-record saboda kowane layi da harafin S yake farawa. S1 layin kaya, S9 layin ƙarshe, S0 kan magana. Misali:

S10601007E010079

Kamar na Intel ne in ka kalle shi sama-sama, amma akwai tarko biyu da ke kama mutane har yau in suna rubuta furogiram ɗin karanta shi. Na ɗaya, 06 ɗin nan ya haɗa da bayit 2 na adireshi da 3 na kaya da 1 na tantancewa, alhali Intel kaya kawai take ƙirgawa. Na biyu, jimillar daga 255 ake cire ta, a nan 134 ne sai ya rage 121, wato 79. Abun da ya ba wannan tsarin ƙarfi a wajen masu haɗa kwamfuta a gida shine wani ɗan furogiram mai suna MIKBUG da Motorola ta ƙona a ROM, wanda kwamfutar SWTPC 6800 ta kamfanin San Antonio a Texas ta zo da shi a ƙarshen 1975. Kana kunnawa ka danna L ta karanta tef, ka danna P ta huda, babu zaman ɗaga makunnai. Wanda ya sha wahalar Altair shi zai gaya maka girman wannan ni'imar.

Na KIM-1 kuma, allon MOS Technology mai cif ɗin 6502 da ya fito 1976 akan dala 245, shi nafi ganin hankali a cikin shi duk da shi aka fi mantawa. Layin shi da alamar ; (ɗigo da waƙafi) yake farawa, yana ɗaukar bayit har 24, lambar tantancewar shi haruffa 4 ce wato jimillar gaba ɗaya ba'a yanke ta zuwa bayit ɗaya ba. Sannan layin ƙarshe yana faɗin adadin layukan da suka gabata. Wannan ba ƙaramin abu bane, domin a Intel HEX in layi guda cur ya ɓace, misali tef ya tsinke an manna shi an rasa wani yanki, babu abun da zai nuna, kowane layin da ya rage lafiyar shi ƙalau, lodin zai ce maka komai daidai sai furogiram ya haukace daga baya. A tsarin KIM-1 kuwa akwai adadin da za'a iya kama wannan da shi. Bayan kowane layi kuma yana huda sahu 6 na fanko, saboda kan firintar Teletype yana buƙatar lokaci ya dawo daga dama zuwa hagu, in ba'a jira shi ba harafin farko na sabon layi a tsakiyar hanya zai bugu.

Sai dai dukkan su ukun akwai raunin da suka yi tarayya a kai kuma ya kamata a faɗa. Tara lambobi bai damu da wanne ya riga wanne ba, in bayit biyu suka yi musayar wuri jimilla bata canzawa, haka in ɗaya ya ƙaru da 1 wani ya ragu da 1. Ga takarda wannan bai cika zama matsala ba tunda kuskuren ta yawanci huji ɗaya ne da bai fita sosai ba, ko ɓurɓushin takarda ya toshe shi, amma ga mai kwafa daga mujalla da hannu musayar wuri kuskure ne na yau da kullum. Bana ganin laifin su, lodin da dole ya shige cikin 'yan bayit kaɗan ba zai ɗauki lissafi mai nauyi ba.

Akwai wasu abubuwa biyu a ASCII da sai ka riƙe tef a hannu suke yin ma'ana. Lamba 0 ita ce takardar da ba'a huda ba, shi yasa ake watsi da ita. Lamba 127 kuma, DEL, tana can ƙarshe ita kaɗai nesa da sauran umarni, dalili shine huji baya toshuwa, in ka huda harafin da ba shi ba hanya ɗaya ce ta goge shi, ka dawo baya ka huda duk gurabun 7 da ASCII ke amfani dasu, kowa ya san sahun da aka huda duka a tsallake shi. Haka in kana aiki a taminal ɗin Linux ka danna Ctrl da S komai ya daskare sai ka danna Ctrl da Q, to waɗannan sune lamba 19 da 17, tsayar da tef da sakin tef na Teletype.

Ita takardar bata san mai ita ba, duk wanda ke da ASR zai saka tef a gefen karatu ya kunna gefen huda ya samu kwafi sak. A tsakiyar 1975 wani tef na Altair BASIC ya fita daga wajen wani nuni da MITS ta yi a Palo Alto, aka yi kwafin shi da yawa aka raba a taron Homebrew Computer Club, ƙungiyar da ta fara zama a watan Maris na shekarar a Menlo Park. Wannan ne ya kai ga buɗaɗɗiyar wasiƙar da Bill Gates ya rubuta wa masu sha'awar kwamfuta a Fabrairun 1976 yana ƙorafin ba'a biyan su. Rigimar kwafin manhaja da ake yi har gobe akan naɗin takarda ta fara zafi.

Zamanin tef ɗin a gidaje bai daɗe ba. An ɗan yi ƙoƙarin rage tsadar, akwai wani ɗan akwati OP-80A na Oliver Audio Engineering da bashi da mota ko ɗaya, fitilar tebur zaka haska mai ka ja tef ɗin da hannu, ƙaramin hujin nan na ja shi ke gaya wa kwamfuta ga sabon sahu ya iso, don haka ko da sauri ka ja ko a hankali duk ɗaya ne. Heathkit ma ta fito da H10 a 1977. Amma kaset ɗin rediyo ya riga ya shigo, a Nuwamban 1975 mujallar Byte ta tara mutane a Kansas City suka amince da tsarin ajiye bayanai a kaset, sauti mai kaɗawa 1200 a daƙiƙa na nufin 0, mai 2400 na nufin 1, harafi wajen 30 a daƙiƙa, da rikodar da kowa ke da ita a ɗaki. Bayan shi sai fulofi.

Abun lura shine layukan basu tafi tare da takardar ba. SWTPC da ta yi akwatin kaset ɗinta AC-30, MIKBUG bai ma san an canza komai ba, S1 da S9 ɗin shi ya ci gaba da turawa kamar tef yake hudawa. Alamomin 3C da 78 na tef ɗin Altair sun sake ɓullowa a kaset ɗin kwamfutar TRS-80. A CP/M na Gary Kildall, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta mai fulofi, asembula, wato abun da ke juya kod zuwa lambobin cif, fayil ɗin HEX take fitarwa sannan umarnin LOAD ya mayar da shi furogiram, kuma tsarin yana da na'urori masu suna RDR da PUN, mai karatu da mai huda, ko da kwamfutar bata taɓa ganin takarda ba. Dalilin dai ɗaya ne, layin da ke ɗauke da adadin shi da adireshin shi da shaidar lafiyar shi, kuma da haruffan da kowa ya yarda dasu, zai bi ta waya, ta kaset, ta imel, ta USB, bai damu ba.

Gyaran da aka yi wa Intel HEX daga baya kaɗan ne. Adireshi mai haruffa 4 iyakar shi 64K, da cif suka girma sai aka ƙaro nau'in layi 02 zuwa 05, Motorola kuma ta ƙaro S2 da S3. Shi yasa in ka buɗe fayil ɗin PIC sau da yawa layin farko :020000040000FA ne, na STM32 kuma :020000040800F2, wato layi nau'in 04 da ke cewa duk adireshin da zai biyo baya a ɗora mai 0800 a gaba, inda memorin filash ɗin cif ɗin ta fara. Ka gwada lissafin da kanka, 2 da 4 da 8 sun bada 14, ka cire daga 256 saura 242, a hex F2.